Ruwa nawa ne ya isa? Tarihin auna mai cutar sefsis da wutar lantarki

Sefsis yanayi ne da ƙwayar cuta ke shiga jiki, garkuwar jiki ta tashi yaƙi da ita, amma yaƙin ya wuce gona da iri har ya fara lalata ƙoda, huhu, hanta da ƙwaƙwalwa. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 kaɗai an samu masu sefsis kusan miliyan 49 a duniya, miliyan 11 suka rasu, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari. Matakin farko na magani sananne ne: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri, a kuma yi ƙarin ruwa. To amma ruwa nawa? Idan ya yi kaɗan, gaɓoɓi su rasa jini. Idan ya yi yawa, ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Neman amsar wannan tambaya ne ya kai wata tsohuwar dabara zuwa gadon marasa lafiya: a tura 'yar ƙaramar wutar lantarki cikin jiki, a ga yadda ta fito.

Tushen dabarar ba shi da wuyar ganewa. Ruwan jiki akwai gishiri a ciki, don haka lantarki na bin sa cikin sauƙi, kitse da ƙashi kuwa suna turje masa. Sannan kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani wanda kan riƙe lantarkin na ɗan lokaci kafin ya sake shi. Masanin Jamus Rudolf Höber ne ya fara nuna haka tsakanin 1910 da 1913, da jajayen ƙwayoyin jini. Ya ga cewa idan wutar tana kai-komo a hankali, kewaye ƙwayoyin take yi, amma idan aka ƙara mata saurin kai-komo sosai sai ta ratsa cikinsu. A 1925, Hugo Fricke a Amurka ya yi amfani da irin wannan awo ya lissafa kaurin tantanin, ya samu bai kai nanomita 4 ba, tun kafin a ƙera madubin da zai iya ganinsa. Daga ƙarshen shekarun 1920 kuma Kenneth Cole ya shiga tsara lissafin da har yau injinan ke tafiya a kai.

Kai abin ga mutum sukutum ya ɗauki lokaci. A 1962, Thomasset, wani likita a birnin Liyon na Faransa, ya soka allurai biyu ƙarƙashin fata ya nuna cewa turjiyar jiki tana da alaƙa da yawan ruwan da ke cikinsa. A 1969, Hoffer da abokan aikinsa a Amurka suka bar allura, suka manna wayoyi huɗu a fatar hannu da ƙafa. Da suka ninka tsawon mutum da kansa suka raba da turjiyar, sai sakamakon ya bi sawun yawan ruwan jiki sosai. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 injinan sun shiga kasuwa, suna aiki da wutar da ke kai-komo sau 50,000 a daƙiƙa, mai rauni ta yadda mutum ba ya ko jin ta. Jikokinsu ne sikelin nan na wuraren motsa jiki da ke gaya maka yawan kitsenka.

A nan aka ci karo da matsala. Injin ba ya ganin ruwa ko kitse, turjiya kawai yake aunawa. Sauran duk ƙiyasi ne daga lissafin da aka gina kan masu lafiya, wanda ya ɗauka cewa kusan kashi 73 cikin 100 na jikin da ba kitse ba ruwa ne. Mai sefsis kuwa ƙananan jijiyoyin jininsa yoyo suke yi, ruwa yana tsiyaya zuwa cikin nama, hannu da ƙafa su kumbura alhali jijiyoyin na iya zama a bushe. Ga kuma wani cikas: gangar jiki tana da kusan rabin nauyin mutum, amma saboda faɗinta, kusan kashi 10 cikin 100 kawai take bayarwa a turjiyar da aka auna daga hannu zuwa ƙafa. Wato ruwa na iya taruwa a ciki ko a ƙirji injin bai nuna wani canjin a-zo-a-gani ba. Taron ƙwararru da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka kira a Disamban 1994 ya amince da dabarar ga masu lafiya da wasu marasa lafiyar da rabon ruwan jikinsu bai rikice sosai ba. Mai sefsis ba ya cikin wannan sahu.

A wannan shekarar ce Antonio Piccoli, likitan ƙoda a Padowa ta Italiya, ya kawo wata mafita. Ya ce a daina tilasta wa injin ya faɗi lita, a ɗauki lambobi biyun da ya auna da gaske, wato turjiya da jinkirin da tantanin ƙwayoyi ke jawowa, a raba kowanne da tsawon mutum, a ɗora su a kan jadawali. Idan ruwa ya yi yawa, layin mara lafiya kan gajarta, idan jiki ya bushe sai ya yi tsawo. Daga lambobin biyu kuma ake fitar da abin da za mu kira kusurwar jinkiri. A babban mutum mai lafiya takan kasance tsakanin digiri 5 zuwa 7. Idan ƙwayoyi sun lalace, tsoka ta zaizaye, ko ruwa ya cika wajen ƙwayoyi, sai ta sauka.

Abin da ya sa likitocin sashen kulawa ta musamman suka waiwayi wannan awo shi ne yadda ra'ayi kan ƙarin ruwa ya juya. A 2001, Emanuel Rivers a birnin Ditroyit ya wallafa gwaji kan marasa lafiya 263, inda tsarin farfaɗowa na gaggawa, mai haɗe da ruwa da yawa tun da wuri, ya rage mace-mace daga kashi 46.5 zuwa 30.5 cikin 100. Asibitoci suka rungumi tsarin. Sai manyan gwaje-gwaje uku a 2014 da 2015 suka kasa samun wannan fifiko a kan kulawar da aka saba. Darasi mafi ɗaci kuwa daga Afirka ya fito. A gwajin FEAST da Kathryn Maitland ta jagoranta a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2011, cikin yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu da kusan kashi 10.5 cikin 100 a awa 48, sauran kuma kashi 7.3. Fiye da rabin yaran suna da maleriya, irin yaran da ke cika asibitocinmu a damina. A 2017, wani gwaji kan manya a Lusaka ta Zambiya ya sake nuna haka: kashi 48 suka rasu a rukunin da aka ba ruwa da yawa, kashi 33 a ɗaya rukunin. Inda babu isassun injinan taimakon numfashi, ruwan da ya wuce kima ba shi da saukin gyarawa.

To me awon lantarkin ya tabbatar zuwa yanzu? A 2016, Ronan Thibault da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan marasa lafiya 931 a sassan kulawa ta musamman 10 na ƙasashe 9. Sun gano cewa waɗanda kusurwar jinkirinsu ta yi ƙasa a ranar farko sun fi shiga haɗarin mutuwa cikin kwana 28. Ka lura, binciken ya haɗa marasa lafiya iri-iri, masu sefsis wani ɓangare ne kawai. Kuma hango haɗari daban, nuna abin da za a yi daban. Injin zai iya nuna cewa jiki ya jiƙe, amma ba zai gaya wa likita ko zuciya za ta amfana da wata ledar ruwa ba, domin ba ya bambance ruwan da ke cikin jijiya da wanda ya tsiyaye cikin nama. Zazzaɓi, sauyin gishirin jini, da wurin da aka manna wayoyin duk suna iya sauya lambar.

Saboda haka amfaninsa ya fi fitowa idan aka auna mutum ɗaya kullum, a wuri ɗaya, a yanayin kwanciya ɗaya, a bi yadda layinsa ke tafiya, a haɗa da yawan fitsari, awon jini da abin da likita ya gani da idonsa. Awon ba ya zafi, 'yan mintoci yake ɗauka, injin kuma ana iya ɗaukarsa a hannu, abin da ya sa yake jan hankali a asibitocin da kayan aiki suka yi ƙaranci. Sai dai FEAST ya koya mana cewa abin da ya yi kama da hankali ma sai an gwada shi a inda za a yi aiki da shi. Gwajin da ya rage wa wannan injin shi ne a raba masu sefsis gida biyu, a bar awon ya jagoranci ƙarin ruwan rukuni ɗaya, sannan a ƙirga waɗanda suka koma gida da ƙafarsu.