Jan Garin Tsagin Amarya

Tun wajen shekarun 1950 Kwarori 'yan kasuwa suka fara kawo finafinan Indiya silimun Kano. Mu a Yankara sai da kaset ɗin bidiyo ya yawaita suka iso mana, a tayar da janareto a gidan kallo, yara mu cika tabarma. Mun sha kallon Mother India na 1957, amma ba wanda ya taɓa fassara mana al'adun da ke ciki.

A finafinan, saurayin da ke sunkuyawa ya taɓa ƙafar dattijo, albarka yake nema. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai durƙusa wa iyayensa.

Jan garin nan kuwa da ango ke shafa wa amarya a tsagin kanta, sindur, shaida ce cewa mijinta na raye. Ranar da ya rasu a goge shi, a fasa mata awarwaro, ta koma farin tufafi. Wannan ya fi taɓa ni, don na ga gwaggona cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba lalle. Ita dai ta fita, ta sake aure. A manyan gidajen Hindu na da, wadda mijinta ya mutu ba ta da wannan damar, sai da wata doka ta 1856 ta halatta mata.