Daga Mazari Zuwa Kwarashi

A ɗakin kakata a Kiru akwai wani matashi da ya girme ni. Rigarsa saƙar kwarashi ce, ja da ruwan ɗorawa, cikinsa kuwa audugar rimi. Ina yaro na ɗauka tun kaka da kakanni ake irin wannan saƙa. Ashe kwarashi baƙo ne a ƙasar Hausa, sai dai ya tarar da masaukin da ya san zare.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar kudancin Kano ƙasar auduga ce. Mata ke gurza ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, sannan su kaɗa zare da mazari suna shafa alli a yatsa. Masaƙa su saƙa, marina irin na Kura su rina da baba, mabuga su buga har ya yi ƙyalli. Bebeji tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau, ta nan ma Baturen nan Clapperton ya bi a 1826. Da Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Ana yawan yaba wa masaƙi da marini, amma kowane ƙyalle daga yatsun mace ya fara.

Shi kuwa kwarashi a Turai ya bunƙasa a ƙarni na 19. Lokacin babbar yunwar Ayalan da ta fara a 1845, iyalai da dama da shi suka samu na sawa a bakin salati. A can akan saƙa wa kujeru riguna da matasai, har da kujera mai lilo da Amurkawa suka shahara da ita. Mu kuwa tabarma da kujerar tsugunno muka sani, sai tumtum na fata da dukawa ke ɗinkawa.

Abu biyu suka buɗe wa baƙon ƙofa. Na farko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin kanti ya yi ta kwararowa, a 1957 kuma masaƙar Kaduna ta fara aiki. A hankali zaren hannu ya rasa kasuwa, mata suka rataye mazari. Na biyu, a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, inda aikin allura da zare ke cikin darasi. Daga ɗakin aji sana'ar ta shiga gidaje, wannan ta koya wa waccan. Hannun da ya saba da kaɗi bai sha wuyar kama ulu ba. Sai ga hular jarirai da safa da rigar sanyi don hunturu, ga rufin kujera a kayan ɗakin amarya. Macen da ke kulle ta sake samun abin yin adashi.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma ranar da na zauna na ƙirga saƙar matashin nan, na ga abin da na sani: uku, tsallake ɗaya, maimaita har layi ya ƙare. Ba abin mamaki ba ne, domin katin huji da Jacquard ya sa wa injin saƙa a Faransa wajen 1804 shi Charles Babbage ya aro don na'urar lissafinsa.

Bambancin shi ne, tawa manhajar a rubuce take, ta kakata a ka take. Yanzu kayan gwanjo da na Sin sun cika kasuwa, jikokinta mata kuwa babu wadda ta iya. Yadda kaɗi ya tafi ba mu rubuta ba, haka kwarashi ke shirin bin sa. In akwai tsohuwar da ta iya a gidanku, wayar da kuke karanta wannan da ita tana ɗaukar bidiyo. Ku sayo ulu, ku zauna kusa da ita.