Daraja ta ɗaya da sauran darajoji: daga ina aka samo ma'aunin digiri?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Tudun Wada ya san Bagauda, a ƙasar Bebeji. Otal ɗin da marigayi Audu Baƙo ya gina a bakin ruwa domin masu shaƙatawa shi ne daga baya aka mayar reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. A can ne na fara jin wani hukunci da ya ɗaure mini kai. Shekaru da yawa, kafin a sake tsarin, ba a haɗa makin ɗalibi a raba, a'a, darasin da ya fi yi masa tsauri shi ke yanke darajarsa. Ko da ya ci huɗu cikin biyar da maki mafi girma, in ya sha da ƙyar a na biyar, to da ƙyar ɗin za a rubuta masa a takarda. Wannan ne ya sa na shiga binciken asalin wannan ma'auni da ake auna 'ya'yanmu da shi.

Abin dai daga Ingila ya taso. Tun a ƙarni na 18 Jami'ar Kambirij take jera ɗaliban lissafi bisa ƙoƙarinsu, daga na ɗaya har na ƙarshe, a karanta sunaye a bainar jama'a. Wanda ya zo kurar baya cikin waɗanda suka haye, abokansa sukan ba shi kyautar cokalin katako don zolaya, kuma ba a daina wannan al'ada ba sai a 1909. Jami'ar Okusfod ita ma a farkon ƙarni na 19 ta fara raba ɗalibai aji-aji. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar Landan take, digirin Landan take bayarwa, saboda haka sai tsarin ya iso mana ɗungurungum: daraja ta ɗaya, ta biyu babba, ta biyu ƙarama, ta uku, sannan wanda ya haye kawai ba daraja.

A wancan zamani daraja ta ɗaya abu ce mai wuyar gani. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, ya same ta a fannin lissafi a Ibadan, shi ya sa har yau dattawa ke ambaton sunansa in ana zancen kaifin ƙwaƙwalwa. Shi kuwa Chinua Achebe da daraja ta biyu ya fita a 1953, kuma ban ji wanda ya taɓa tambayarsa takardar ba kafin ya karanta littafinsa.

Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Zariya a 1962 ta bi sawun Ingila, haka ma Kwalejin Abdullahi Bayero da ke ƙarƙashinta a Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A tsohon tsarin jarrabawar ƙarshen shekara ita ce komai, ta shekarar fita kuma ita ta fi nauyi, sannan a gayyato wani malami daga wata jami'a ya duba takardu don kada na gida ya yi son kai. Jami'ar Nsukka ce kaɗai tun 1960 ta ɗauko salon Amurka, inda kowane kwas ke da nauyinsa kuma ana tara maki zango bayan zango.

A 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu, sai aka aurar da tsarin biyu: lissafin na Amurka, sunayen darajojin na Ingila. Maki 70 zuwa sama shi ne A, lamba 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ne, lamba 4, haka ake sauka har ƙasa da 40, wanda faɗuwa ce, sai a sake kwas ɗin, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Idan aka haɗa aka raba, mai 4.50 zuwa 5.00 shi ne mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 ta uku. An taɓa gwada ma'auni mai lamba 4, amma a 2018 hukumar ta ce a koma mai 5. Ibadan ma a baya ta daɗe tana amfani da nata mai lamba 7 kafin ta daina.

To a nan ne, ya kai mai karatu, nake son mu tsaya mu yi ɗan lissafi, domin nan ne abin ya shafe mu mutanen kudancin Kano. Ɗauki yaro daga Riruwai ko Kafin Maiyaki, wanda ya yi sakandare a ƙauye, Turancinsa na littafi ne, bai taɓa zama a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane da lasifika mai ƙara ba. Shekararsa ta farko takan tafi wajen neman wurin kwana da koyon jin harshen malamai. A ce ya gama ta da 3.00, wato C a kowane kwas. Idan karatun na shekara 4 ne kuma nauyin shekarun ɗaya, sai ya ci A a kowane kwas na sauran shekaru 3, ba tuntuɓe ko sau ɗaya, kafin ya taɓa 4.50 cif. A tsohon tsari wanda ya farka a makare yana iya cim ma na gaba a jarrabawar fita. A sabon kuwa shekarar farko tana bin mutum har ranar yaye ɗalibai. Ban ce sabon ba shi da alheri ba, don ya hana zazzaɓin mako guda ya rusa wahalar shekaru, kuma ya tilasta karatu kullum. Sai dai ni a ganina ɗan birni ya fi morar sa.

Wani zai ce ai lamba ce kawai. Ba lamba ce kawai ba. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje karatun digiri na biyu, kuma darajar digiri na farko ita ce ƙofar shiga. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da gurbin mutum 1,001, ta nemi masu daraja ta ɗaya. Bankuna da manyan kamfanoni kuwa sun daɗe suna rubuta ta biyu babba a tallar aiki, jami'o'i ma da ita suke ɗaukar ƙananan malamai.

Akwai wani ƙanena ɗan Kiru da ya fita wata jami'a da 3.49. Mahaifinsa, manomin masara, ya sayar da buhuna ba adadi a kan karatun nan. Da aka gaya masa ɗigo ɗaya ne ya raba ɗansa da neman aikin da yake so, sai ya tambaya ko ba a yin gyara a jami'a, kamar yadda mai awo yake ƙara ɗan hannu a kan kwano. Aka ce masa ba a yi. Yaron yanzu yana koyarwa a wata makarantar sakandare kusa da Kwanar Ɗangora, kuma duk ɗalibinsa da ya sami gurbi a jami'a sai ya zaunar da shi ya yi masa lissafin shekarar farko a bayan takarda kafin ya hau mota.