Wa Ke Auna Sakacin Likita? Tarihin Wata Ƙa'ida Daga 1767 Zuwa Zamaninmu

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata tambaya wadda ta daɗe tana wahalar da alƙalai, watau idan majinyaci ya cutu a hannun likita, da wane ma'auni za a gane cewa sakaci aka yi? Za mu fi mai da hankali ga Ingila, domin kotunan Nijeriya sun gaji shari'arta tun zamanin mulkin mallaka, sa'an nan mu leƙa Amurka game da gidajen kula da tsofaffi.

Abubuwa huɗu ake nema mai ƙara ya tabbatar: cewa akwai hakkin kula da shi a wuyan likitan, cewa likitan ya gaza sauke wannan hakki, cewa ya cutu, da kuma cewa gazawar ce ta jawo cutuwar. Sharaɗi na ƙarshen nan ya kayar da mutane da yawa. Alal misali, a shari'ar Barnett ta 1968, wani maigadi ya sha shayi mai guba, ya je asibiti yana amai, likita ya ƙi fitowa ya duba shi, daga baya ya rasu. Kotu ta yarda an yi sakaci, amma ta hana matarsa diyya, domin ko da an duba shi gubar ta riga ta gama aikinta. Mu kuwa sharaɗi na biyu ne abin nazarinmu.

A 1767 wani mai suna Slater ya kai ƙarar mutum biyu da suka sake karya masa ƙafa bayan ta fara ɗoruwa, ba da izninsa ba, suka ɗaura masa wani ƙarfe na gwaji. Likitoci 'yan'uwansu suka ba da shaida cewa ba haka ake yi ba a sana'ar, aka ba shi fam 500. Tun daga nan al'adar masu sana'a ta zama ma'auni. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya, inda ake bambanta gwanin da ya yi aiki bisa ƙa'ida da jahilin da ya yi shisshigi.

Ma'aunin da ya taimaki Slater shi ne ya kayar da John Bolam. A 1954 aka yi wa wannan bawan Allah maganin taɓin hankali ta hanyar jona masa lantarki a ka, a asibitin Friern da ke Landan. Ba a yi masa allurar sassauta jiki ba, ba a ɗaure shi ba, ba a kuma faɗa masa haɗarin ba. Jikinsa ya fizge har ƙashin ƙugunsa ya karye. Da aka zo shari'a a 1957, sai shaidu suka rabu: wasu likitoci suna yin allurar, wasu suna ganin ita ma tana da nata haɗari. Alƙali McNair ya bayyana cewa likita bai yi sakaci ba muddin ya bi hanyar da wani rukuni na ƙwararru masu mutunci suka amince da ita, ko da wasu sun saɓa. Bolam ya tashi hannu wofi.

A ganinmu ƙa'idar tana da hujja, domin alƙali bai karanta likitanci ba, kuma ba kowane rashin dace ne laifi ba. Sai dai illarta a fili take: wanda ake ƙara ya samo abokan sana'a biyu ko uku su ce su ma haka za su yi, shi ke nan magana ta mutu. A 1985, a shari'ar Sidaway, har abin da za a gaya wa majinyaci game da jikinsa aka bar shi galibi a hannun likitoci.

Gyara ya zo a hankali. A shari'ar Bolitho ta 1997 alƙalan ƙoli suka ce kotu tana da ikon ƙin ra'ayin ƙwararru idan bai tsaya bisa hankali ba, ko da yake uwar yaron da ta kai ƙarar ba ta yi nasara ba. Babban juyi sai a 2015. Nadine Montgomery mace ce ƙarama mai ciwon sukari, kuma akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari cewa kafaɗar jaririnta za ta maƙale wurin haihuwa. Likitarta ba ta faɗa mata ba, don gudun kada ta zaɓi tiyata. Abin da ake gudu ya auku a 1999, yaron ya sami rauni a ƙwaƙwalwa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce dole a sanar da majinyaci duk haɗarin da mai hankali a matsayinsa zai ɗauka da muhimmanci. Shekara goma sha shida ke nan bayan haihuwar.

Batun gidajen tsofaffi kuwa ya bi wata hanya dabam, domin galibin cutarwar da ake yi a can, kamar gyambon kwanciya, da yunwa, da ɗaure tsoho a kan gado, ba ta bukatar gwani kafin a gane ta. Matsalar ita ce wa zai kai ƙara. Tsoho mai ruɗewar hankali ba ya iya ba da shaida, ba shi kuma da albashin da za a lissafa diyya a kansa, saboda haka lauyoyi ba su ɗokin karɓar shari'arsa. Amurka ta nemi mafita wajen majalisa. Bayan wani rahoto na 1986, aka kafa dokar 1987 wadda ta zayyana hakkokin mazauna gidajen da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ciki har da hana ɗaure mutum ko dirka masa magani don ladabtarwa ko don ma'aikata su huta. Masu gidajen da dama suka riƙa sa iyalai su rattaba hannu tun ranar shiga cewa duk saɓani a gaban mai sulhu za a warware shi, ba a kotu ba. A 2016 gwamnati ta haramta wannan, wata kotu ta dakatar da haramcin, a 2019 aka sake halatta yarjejeniyar, bisa sharaɗin kada a hana tsoho gado don ya ƙi sa hannu.