Daga Rumfa Zuwa Kwando: Yadda Tsarin Shago Ya Canja Cefanenmu

Yau tarihin cefane za mu taɓa, musamman tsarin wurin da ake sayar da kayan. Ko a Toranke kake, ko Gaya, ko cikin birnin Kano, yadda aka jera kaya a shago shi ke nuna wanda aka yarda da shi, da wanda zai iya saye.

Mu fara da rumfa. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), tana da tsarinta tun kafin a san wani abu wai shi sufamaket. Kowace sana'a da layinta: masu fata, masu kayan doki, masu turare, masu tufafi. Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya yaba da tsarin kasuwar. Har ya rubuta cewa idan an gama ciniki, mai kaya kan mayar wa mai saye kashi 2 cikin 100 na kuɗin, da sunan albarka. Kun ga ke nan gyara ba yau aka fara ta ba. A rumfa babu shamaki. Kaya na shimfiɗe a gabanka, ka taɓa, ka ɗanɗana, ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama. Wannan tsarin ne har gobe ake bi a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a da sauran kasuwannin ƙauyukanmu.

Sai zamanin kanti. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO, daga baya UAC, suka kafa shaguna. Kwarori kuma suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake a yau. Kalmomin kanti da kanta duk daga Turanci muka aro su a wannan zamanin. Abin da kantin ya kawo sabo shi ne dogon teburin katako da ya raba ka da kaya. Atamfa, sabulu, kananzir da sukari suna can baya, akawu na tsaye a tsakani. Ba ka taɓawa sai ka nuna an miƙo maka. Shagon tireda na unguwarku jikan wannan kantin ne.

To wa ya cire teburin? A 1916, a birnin Memphis na Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe shagon Piggly Wiggly, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da hannunsa, ya biya a ƙofar fita. Dabararsa biyu ce: ya rage albashin yaran shago, sannan ya tsara hanya yadda dole ka wuce ta gaban kowane kaya. A 1937 Sylvan Goldman ya ƙirƙiro keken zuba kaya a Oklahoma, don ya lura mutum na daina saye da zarar kwando ya yi masa nauyi. A 1974 aka fara haska zanen layi-layin nan na jikin kaya a wani shago a jihar Ohio, a kan fakitin cingam.

A Najeriya, UAC ta buɗe Kingsway a Legas a 1948, irin su Leventis da UTC ma suka yi manyan kantuna. Amma na manyan ma'aikata ne da baƙi. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka zo da shirin SAP a 1986, naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, yawancinsu suka durƙushe. A Kano, 'yan kasuwar gida irin su Sahad da Jifatu ne suka saba wa mutane da ɗaukar kwando. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo, da Shoprite a ciki: tayil mai sheƙi, esi, fitilu, ƙanshin burodi. Matasa suka mai da wurin dandalin ɗaukar hoto, musamman da Sallah. A Janairun 2024 Shoprite ta rufe reshen, ta ce yanayin kasuwanci ne ya jawo.

Wannan adon fa ba don Allah aka yi shi ba. Kayan da kowa ke buƙata ana kai su can ciki don ka ratsa layuka. Mai riba yana daidai idonka, alewa da cakulan suna bakin wurin biya, daidai hannun yaro. In an yi wa shago kwaskwarima an sauya wa kaya wuri, sai ka yi ta zagaye, ka fito da abin da ba shi ya kawo ka ba. Gaskiya tsarin yana da alherinsa: farashi a manne, ba a duba rigarka kafin a faɗa maka kuɗi, akwai rasit, kana iya duba ranar lalacewar kaya.

Amma ku duba abin da ya fita tare da teburin. Na'ura ba ta san taya ba, ba ta gyara, ba ta ba da bashi. Ba ta ƙulla maka sukari ko man gyaɗa daidai kuɗin hannunka. Magidancin da ke cefanen yini-yini, wanda kuɗinsa ke jiran kaka, da kwano da gwangwani da littafin bashin mai tireda yake riƙe gida. Shi ya sa mai shagon da ke saro kaya daga Singa yake nan daram, alhali katafaren kanti ya naɗe tabarmarsa cikin shekara 10.

Yanzu a garuruwanmu matasa na gyara shaguna: farin fenti, sola, firji, POS, kanta a buɗe. Madalla. In kai ne, ɗauki tsafta da haske da farashi a manne, amma kada ka yar da kwanon awo da littafin nan. In kuma kai mai saye ne, rubuta abin da ya kai ka kafin ka ɗauki kwando.

Ku faɗa mana, a garinku wane shago ne ya fara barin mutane su ɗauki kaya da hannunsu? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.