Garba a Abijan: Abincin Ɗan Dako da Hantar Mai Ciwon Suga

Duk wanda ya ratsa unguwar Ajame ko ta Tireshbil a Abijan da hantsi zai ga rumfunan garba: ga aceken rogo a tule, ga yankan kifin tuna yana soyuwa a kasko, barkono da albasa na gefe. Sunan ma na Hausa ne, domin Hausawan Nijar ne suka yi fice a sana'ar, har mutanen gari suka laƙaba wa abincin sunan masu sayar da shi. Tushensa kuwa bakin teku ne. Bayan buɗe mashigin Biridi a 1950, Abijan ta zama babbar matattarar tuna a Afirka, kifin da masana'antun gwangwani suka ƙi karɓa kuma yakan gangaro kasuwa da araha. Da aka karya darajar sefa a 1994, garba ya ƙara zama rufin asirin ɗalibi da lebura.

Sai dai abinci ne da ya dace da mai zubar da gumi. Ɗan dako yakan ƙone shi kafin azahar, amma mai shagon da ke yini a zaune, balle idan yana da ciwon suga, jikinsa ajiye shi yake yi. Idan jiki ya daina jin insulin, hanta takan mayar da rarar suga kitse, ta tara wani a cikinta, ta tura wani cikin jini, kolestarol mai kare jijiyoyi kuma ya ragu. Fiye da rabin masu nau'i na 2 na ciwon suna ɗauke da kitsen hanta, kuma ba ya nuna alama sai ya yi nisa.

Wani zai ce ai kifi lafiya ne. Gaskiya ne, tuna ba shi da laifi. Laifin na tulin aceke ne, da man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, sannan a kwarara ludayi guda a kai. Wani kuma zai ce talaka ba shi da zaɓi, kuma wannan magana tana da nauyi, shi ya sa rufe rumfuna ba mafita ba ce. Tun 1970 akwai cibiyar kula da masu ciwon suga a cikin Ajamen nan, amma likita kan ga majinyaci ne jefi-jefi, mai garba kuwa kullum yana tare da shi. Saboda haka, 'yan'uwa masu sana'ar nan, ku riƙa sauya mai a kan kari, ku ƙara tumatir da albasa, kuma wanda ya ce muku yana da suga, ku rage masa aceke, kada ku zuba masa man kasko.