Kokawa ta riga ɗakin motsa jiki zuwa Arlit

Ana yawan ɗauka cewa haɗa gudun wuta na ɗan lokaci da atisayen ƙarfi fasahar zamani ce, musamman tun 1996 da Izumi Tabata na Japan ya fitar da bincikensa kan aiki tuƙuru na daƙiƙa 20 da hutun daƙiƙa 10. A ganina, ƙasar Nijar ta daɗe da sanin wannan haɗi a fagen kokawa. Ga misali, Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa: an kafa kamfanin Somaïr a 1968, kamfanin Cominak ya fara haƙa a Akokan a 1978, ma'aikata suka kwararo daga kudu da al'adunsu. A tsakanin nan ne, a 1975, aka soma gasar kokawa ta takobin ƙasa a Tahoua, kokawar da manoma ke yi bayan kaka ta zama wasan ƙasa baki ɗaya, har jihar Agadez, inda Arlit take.

Wani zai ce kokawa gwajin ƙarfi ce kawai. Amma duk wanda ya kalli karo ya san 'yan kokawa kan daɗe suna zagaye da lalube, sai a kai hari na 'yan daƙiƙu, a ja baya a huce, a sake. Mai ƙarfin da numfashinsa ya ƙare shi ke fara shan ƙasa. Gaskiya ne magabata ba su auna bugun zuciya ba, kuma jahilcin muhimmancin hutu ya karya gwiwoyin samari da dama. A nan kimiyya ta ƙara abu mai amfani, musamman a gari irin Arlit da zafin bazara kan wuce digiri 40, inda dole a kai atisaye mai tsanani asuba ko bayan la'asar.